Yadda Ake Aiki da Maburgi: Daga Kaɗa Miyar Kuka Zuwa Buga Ƙwai

Ranar da aka fara bar mini tukunyar miya ni kaɗai, ban fi shekara 12 ba. Na ɗebo kuka cike da tafin hannu na antaya a ruwan miya yana tsakiyar tafasa, na bi da ludayi ina juyawa. Da aka zo rabon tuwo kakata ta ɗebo miyar ta ɗaga, ta ƙura mata ido, ta ce, "Kishiya, miya kika yi mana ko ɗanwake kika jefa?" Kowa ya yi dariya ban da ni. Washegari ta zaunar da ni bakin murhu, ta zaro maburginta daga jikin danga ta miƙo mini. A gaskiya ba maburgin ne ya gyara mini miya ba, sanin abin da ake nema ya yi ne.

Aikin maburgi uku ne, ko na icce ne ko na waya irin wanda ake cewa abin kaɗa ƙwai. Yana fasa gudaji, yana shigar da iska cikin abu ya tashi, yana kuma haɗa mai da ruwa su zauna tare. Kowane aiki da irin maburgin da ya dace da shi, da irin motsin hannunsa. Yawancin ɓarnar da ake yi a kicin daga nan take: a ɗauki hannun buga ƙwai a kai wa fulawa, ko a ɗauki na juya kunu a kai wa farin ƙwai.

Zaɓen maburgi

Namu na gado sanda ce siririya mai tsawon kamu ɗaya ko fiye, a ƙasanta akwai 'yan ƙaho, ko dai rassan iccen ne da kansu aka datse, ko an gicciya ƙananan itatuwa, ko an lanƙwasa waya an ɗaure. Wajen masu sayar da muciya da ludayi da ƙwarya ake samunsa, a Kano ko kasuwar Kurmi ko ta Rimi ba za ki rasa ba. Idan za ki saya, ki mirgina sandar a tsakanin tafukanki tun a gaban mai kaya. In ta karkace za ki ji tana rawa, kuma haka za ta riƙa watsa miki miya. Ki shafa jikinta kada ta zama mai sartse, ki ja ƙahonnin ki ji ko suna motsi. Tsawon ya wuce zurfin tukunyarki sosai, don tururi kada ya dafa miki hannu.

Masu ganin maburgi kayan ƙauye ne, su sani ba mu kaɗai ke da shi ba. Mutanen Sudan suna da mufraka, da ita suke kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka, kuma a tafin hannu suke murza ta kamar mu. A Meziko akwai wanda ake sassaƙawa don tayar da kumfar cakulan, shi ma murza shi ake yi. 'Yan Japan kuma gora guda suke tsagawa siri-siri su yi na kaɗa garin koren shayi.

Na waya kala-kala ne, amma uku sun isa a sani. Akwai mai ƙaton ciki kamar balan-balan, wayoyinsa sirara masu laushi: shi ne na iska, wato ƙwai da kirim ɗin madara da ake bugawa don kek. Akwai dogo mai matsattsen ciki da wayoyi masu ɗan tauri, wanda ke shiga lungun tukunya: shi ne na miya, talge da kastad. Sai shimfiɗaɗɗe mai kama da cokali, na aiki a kasko marar zurfi. Idan guda ɗaya za ki saya, ɗauki matsakaici mai tsawon kamar santimita 30, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ki danna kansa a tafin hannu, in ya lotsa bai dawo ba ki ajiye musu kayansu. Ki duba inda wayoyin suka shiga mariƙi, ya zama a toshe, domin nan ne ruwan ƙwai ke maƙalewa ya yi wari. Mai tukunyar nan da abinci ba ya kamawa ta nemi wanda aka lulluɓe wayoyinsa da roba mai jure zafi, na ƙarfe zalla kankare mata tukunya zai yi.

Riƙo da motsin hannu

Na icce: ki tsayar da shi a tsakiyar tukunya, kansa ya nutse amma kada ki danne shi a gindi. Ki sa sandar tsakanin tafukanki a miƙe, ki murza gaba da baya. Hannu zai riƙa sulalowa ƙasa, sai ki mayar da shi sama ki ci gaba. Kada ki tsaya wuri guda, ki riƙa zagayawa da shi gefe-gefe. Idan kan ya fito saman miya kina cikin murzawa, zaninki da bangon kicin ne za su sha.

Na waya: riƙo na sakin jiki, kamar yadda ake riƙe wuƙar yanka albasa, motsin kuma daga wuyan hannu. Wadda ke bugawa da kafaɗa ba ta minti biyu ta gaji. Motsi uku ne. Zagaye a hankali na hana abu kamawa a ƙasan tukunya. Kai da komo, hagu da dama da sauri, shi ya fi fasa gudaji da haɗa mai da ruwa, don abin da ke cikin kwanon yana karo da kansa. Sai na ɗagawa, inda ake karkata kwano a riƙa ɗebo abu daga ƙasa ana wuntsilo shi sama, wannan na shigar da iska ne.

Wata dabara da ba a faye faɗa ba: ki jiƙa tsumma mai tsabta ki naɗe shi gammo, ki ɗora kwanon a kai. Kwano zai zauna daram, hannunki na hagu ya samu 'yancin zuba abu.

Miyar kuka

Nan ne aka fi jin kunya, don haka bari in daɗe a kai. Dalilin gudaji shi ne garin kuka da ya taɓa ruwan zafi nan take bayansa ke yin yauƙi. Idan ya faɗa a dunƙule, yauƙin ya lulluɓe shi, cikin ya zauna a bushe, ruwa ba shi da hanyar shiga. Duk dabarar kaɗa kuka ita ce kada a bar garin ya faɗa a dunƙule.

1. Ki tankaɗe kukar da rariya mai laushi, ko da a tankaɗe kika saye ta. Kukar da ta kwana biyu a gwangwani tana dunƙulewa, balle da damina.

2. Ki tabbata ruwan miyar ya gama dahuwa kafin kuka ta shiga: nama ya yi laushi, daddawa ta daina gafi, in kina sa dakakken wake ya narke, gishiri da yaji sun ji. Bayan an kaɗa ba a daɗewa a wuta, abin da bai dahu ba ya tafi ke nan.

3. Ki tsame nama da ƙashi ko kifi ki ajiye gefe. Maburgi ba ya juyawa a cikin tarkace, kifi kuma dagargajewa zai yi ya bar miki ƙaya a miya.

4. Ki rage wuta har tafasar ta koma ɗan motsi. A murhun icce sai ki janye itace biyu.

5. Ki barbaɗa kukar siri-siri a duk faɗin tukunyar, kamar mai barbaɗa gishiri, sannan ki burga har ta ɓace. Ki sake barbaɗawa, ki sake burgawa. Da yake na icce hannu biyu yake ci, dole a yi ta bi da bi, sai fa in akwai yarinya kusa ta riƙa barbaɗa miki. A nan na waya ya fi shi: hagu na barbaɗawa, dama na kaɗawa, ba tsayawa.

6. Ki tsaya tun miyar tana ɗan ruwa-ruwa a idonki. Ga ruwan miya lita guda, ki fara da babban cokali biyu zuwa uku, ki ba ta minti biyu ki gani. Kuka tana ci gaba da kauri bayan an kaɗa, ta kuma ƙara in ta huce. Wadda ta kaɗa har ta ga kaurin da take so a wuta, a kwano za ta tarar da abin da ake yanka da mara.

7. Ki mayar da naman, ki bar ta a ƙaramar wuta kamar minti biyar ɗanyen ƙamshin ganye ya fita, kina ɗan juyawa don tana saurin kamu. Man shanu a kwano ake zuba shi.

In kuma an riga an yi gudajin, ba a zubar da miya. Sauke tukunyar, tsame naman, ki burga da ƙarfi. Masu taurin kai ki murƙushe su da bayan ludayi a jikin tukunya, ko ki tace miyar da rariyar waya. Wasu kan dama kukar da ɗan ruwan sanyi ko mai kafin su zuba. Yana hana gudaji, ba musu, amma ni na fi son barbaɗawa don na fi iya gane kaurin.

Busasshiyar kuɓewa da garin karkashi duk wannan hanyar ake bi da su. Bambancin kawai, kada ki rufe tukunya bayan kin kaɗa: za ta taso ta zube. Ɗanyar kuɓewa kuwa a yanka ko a goga, a dafa da ɗan ruwa da ƙanƙanuwar kanwa, in ta yi laushi a burga har ta haɗe. Kanwar kaɗan ake nufi, in ta yi yawa miya ta yi duhu ta riƙa ɗanɗanon sabulu. Ganyen lalo, wanda a Ghana ake cewa ayoyo ana cin tuwon zafi da shi, da 'yar tsintsiya ake caccaka shi a tukunya. Yarbawa ma haka suke yi wa nasu, har suna da tsintsiyar da ba ta wani aiki sai wannan. In ba ki da ita maburgi zai yi.

Talge, kunu da nono

Tuwon da ya yi gudaji tun daga talge ya samo shi. Garin masara ko dawa ba ya kumbura a ruwan sanyi, sai zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70 yake fara kumbura ya yi kauri. Shi ya sa ake dama shi da ruwan sanyi tukuna, kowane ƙwayar gari ta rabu da 'yar'uwarta. Ki dama ya yi ruwa-ruwa, ki tsiyaya cikin tafasasshen ruwa kina burgawa, kada ki tsaya sai ya sake tafasa. Ki rufe ya dahu sosai. Daga nan aikin maburgi ya ƙare, ki ɗauko muciya. Na taɓa ganin amarya tana tuƙa tuwon semo da abin kaɗa ƙwai, kafin ta gama ya koma kamar lemar da iska ta juya.

Koko da kastad juyin wancan ne: ƙullun yana kwano, ruwan zafin ake kawo masa. Ki dama da ruwan sanyi kaɗan, ki sake motsa shi daf da zuba ruwa don yana kwantawa a ƙasa, sannan ki sheƙa ruwan da ke tafasa sosai, ba wanda aka sauke aka tsaya amsa waya ba. In ya tsinke, ki juye a tukunya ki ɗora a ƙaramar wuta kina zagayawa da maburgi har ya kama kansa. A kula da abu guda: maburgin ƙarfe in yana gogar tukunyar alminiyom yakan sa farin abu kamar kunun gyaɗa ya yi toka-toka. Nan na icce ya fi.

Kindirmo kuwa ɗan burgawa yake so, ya yi sumul kawai. Fura ki fara murƙushe ta da ludayi da ɗan nono har ta saki, sannan ki ƙara nono ki bi da maburgi. In kika fara da maburgi, curin furar zai cushe a cikinsa ki koma ciro shi da yatsa.

Ƙwai

Ƙwai biyu ko uku na waina ba sa buƙatar wani kayan aiki. Mai shayi da kofi da cokali yake yi, kuma ba wanda ya taɓa mayar masa. In sun kai shida zuwa sama ne maburgi ke da rana. Ki fasa kowanne a ɗan kofi daban kafin ki juye, kada baragurbi ɗaya ya ja wa sauran. Ki sa gishiri, ki buga kai da komo kamar rabin minti, har in kin ɗaga maburgin ƙwan ya zubo kamar ruwa ba wani farin da ke reto. Albasa da attaruhu daga baya suke shiga.

Tayar da farin ƙwai shi ne jarrabawar gaske, ana kuma buƙatarsa a kek mai laushi irin na soso. Farin ƙwai wajen kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sauran furotin, wato sinadarin gina jiki. Bugu yana warware furotin ɗin ya zagaye ƙwayoyin iska ya riƙe su, har farin ya iya ninka girmansa kusan sau takwas. Babban abokin gabarsa maiƙo ne.

Saboda haka ki fara da kwano. Na silba ko na tangaran ko gilashi, wankakke, busasshe, ki goge cikinsa da ɓarin lemon tsami. Ki guji kwanon roba, komai wanki yana riƙe maiƙo. Ki raba farin da gwaiduwa a hankali, don gwaiduwa mai ce, ɗigo ɗaya na iya hana shi tashi yadda ya kamata. In ta ɗiga ki kwashe ta da ɓawon ƙwan. Wanda ya fito daga firji ki bar shi ya huce sanyi tukuna.

Ki fara a hankali har ya yi kumfa manya-manya irin ta sabulu. Ki ɗiga lemon tsami kaɗan, yana ƙarfafa kumfar. Sai ki karkata kwanon ki ƙara sauri da motsin ɗagawa. Kumfar za ta yi fari, idanunta su ƙanƙance. In kin ɗaga maburgin kika ga tsinin da ya biyo shi ya sunkuyar da kai, kin kai matakin farko. In akwai sukari a girkin, yanzu ne lokacinsa, cokali-cokali, kina bugawa tsakanin kowane zubi. Wadda ta juye sukari tun farko za ta yi ta bugu har hannu ya sage. Ki ci gaba har tsinin ya tsaya ƙyam yana sheƙi. Gwajin da aka sani shi ne a kifa kwanon, in bai motsa ba ya yi. Ki fara da karkatawa dai, kada ki kifa gaba ɗaya a kan kanki don burge yara.

Da hannu, farin ƙwai uku kan ci minti biyar zuwa goma, gwargwadon ƙarfin mai bugu. Da ya kai ki tsaya. In aka zarce yakan bushe ya yi ɓarɓashi, ruwa ya kwanta a ƙasa. Kuma ba ya jira: ki tanadi komai, tanda ta yi zafi, kafin ki fara bugu, ba a fafe gora ranar tafiya. Wajen haɗa shi da kwaɓin kek ki ajiye maburgin, ki ɗauki faffaɗan cokali ki riƙa naɗo kwaɓin daga ƙasa zuwa sama a hankali, kada iskar da kika sha wuyar shigarwa ta fice.

Ƙullun ƙosai

Kimiyyar ɗaya ce da ta ƙwai, iyayenmu sun san ta tun ba a ba ta suna ba. Ƙosan da ya fito da nauyi kamar dutse, yawanci bugu ne bai ji ba, ko ruwa ya yi yawa a markaɗe. Ki sa a markaɗa da kauri. Kafin ki sa komai a ciki ki buga shi, da maburgi mai taurin waya, ko muciya, ko hannu, minti biyar zuwa goma, har ya yi haske ya ƙaru ya yi sakayau. Ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa: in ya taso sama ya bugu, in ya nutse ki koma. Gishiri da yankakkiyar albasa sai daf da suya, kuma ki riƙa sake bugawa kafin kowane zubi, don ƙullu yana sacewa in ya zauna. Ku lura da masu ƙosan bakin hanya, a ƙaramin kwano suke ɗiba su buga su soya, ba sa gishirinta bokitin gaba ɗaya.

Fulawa ba ta son naci

Ga inda ake juya hannu. Fulawa in ta haɗu da ruwa aka yi ta bugu, wani sinadari da ke cikinta mai suna gulutin yana yin danƙo. A burodi da fanke ana son haka, shi ya sa ake bugun kwaɓin fanke da hannu har ya yi ja. A kek da wainar fulawa kuwa tauri yake kawowa. Don wainar fulawa, ki yi rami a tsakiyar garin, ki zuba ƙwai da rabin ruwan, ki kaɗa daga tsakiya kina janyo gari daga gefe. Da kauri ake kashe gudaji, sai ya yi sumul ki ƙara sauran ruwan. A kek kuma, bota da sukari aikin muciya ne ko na'urar bugu, sun fi ƙarfin siririyar waya. Da fulawa ta shiga, juyi kaɗan har farin garin ya ɓace, shi ke nan.

Mayonis na gida

Wannan shi ne aiki na uku, haɗa mai da ruwa. Abin da muke saye a kwalba muna cewa bama, da gwaiduwa ɗaya ake yinsa a gida. Cikin gwaiduwa akwai sinadarin da ke riƙe mai da hannu ɗaya, ruwa da ɗaya hannun. Aikin maburgi shi ne farfasa man ya zama ƙananan ɗigo yadda sinadarin zai iya kewaye su.

Ki ɗora kwano a gammon tsummanki. Ki sa gwaiduwa ɗaya, ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami ko ruwan kal, da ɗan gishiri, ki kaɗa su haɗe. Ki auno mai kamar kashi uku cikin huɗu na kofi, marar ƙarfin ƙamshi. Man ƙuli mai kyau ne a miya, amma a nan zai danne komai. Ki fara zuba man ɗigo-ɗigo, ɗigo na gaske, kina kaɗawa kai da komo ba tsayawa. Sai kin ga ya fara kauri ya yi haske, sannan ki koma tsiyayawa siririya kamar zare. In ya yi kauri da yawa ki ɗiga ruwa ko lemon tsami. In kika yi gaggawa ya tsinke, mai ya taso sama, kada ki zubar: ki sa sabuwar gwaiduwa a wani kwano, ki riƙa zuba tsinkakken a kanta kaɗan-kaɗan kina kaɗawa, zai dawo.

Sai dai a yi hattara, ɗanyen ƙwai ne, yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke sa amai da gudawa. Ban da mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya. A firji yake zama, kwana biyu ko uku. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki yi daidai wanda za a cinye a zama ɗaya.

Kirim a ƙasar zafi

Kirim na ruwa ba ya tashi sai mansa ya kai kashi 30 cikin 100 ko fiye, kuma sai da sanyi, don daskararren man ne ke riƙe iskar. Shi ya sa madarar gwangwani ba ta tsayawa komai bugu. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, ki sa kwano da maburgin a firji tukuna, ki kuma ɗora kwanon a kan wani mai ƙanƙara kina bugawa, da sassafe ko da dare. Kirim na hoda da masu kek suka fi amfani da shi ma ruwa ko madara mai sanyi ƙarara yake so. Da ya yi tsini ki dakata. In kika wuce, na ruwan zai dunƙule ya rabu gida biyu, kin yi man shanu ke nan ba da niyya ba, irin abin da matan Fulani ke samu in sun girgiza nono a gora. Ba asara ba ce, ki tace ki wanke shi da ruwan sanyi ki shafa a burodi.

Wanki da ajiya

Da kin gama ki wanke, kada ki bari sai an ci abinci. Busasshiyar kuka ko ƙullu a tsakanin wayoyi sai an yi da gaske. Hanya mafi sauƙi, ki zuba ruwa da sabulu a kwanon da kika yi aiki, ki kaɗa ruwan kamar kina buga ƙwai, kin wanke biyu a lokaci guda. Na ƙwai da na fulawa ki fara ɗauraye su da ruwan sanyi, ruwan zafi dafa su yake yi su manne. Ki bi gindin wayoyin da tsohon buroshi, ki yarfe ruwan, ki rataye. In aka cusa shi a durowa tare da wuƙaƙe da ludaya lanƙwashewa yake yi.

Na icce ba a jiƙa shi a ruwa ya kwana, yana kumbura ya tsage, ƙahonnin su saki. Ki wanke ki shanya a rana ya bushe ƙarau, musamman da damina da yake saurin yin fumfuna. Da kin ga baƙi-baƙi a mahaɗar ƙahonnin, ko tsatsa a wayar da aka ɗaura, ki sauya, ba shi da tsada. Kuma icce yana shan ƙamshi, don haka ki ajiye biyu, ɗaya na miya, ɗaya na kunu da nono. Ki ɗaura wa na nonon jan zare a wuya yadda ko yaro kika aika ba zai ɗauko miki mai warin daddawa ba.